Hankakin da Na Ɓoye wa Baba Kalum

Abin da ya fara ɗaukar idona a garin nan na bakin teku ba tekun ba ne, hankaka ne. Yana tsaye a kan turken ƙarfen da masunta ke ɗaure jiragensu, kai da fukafukai baƙi ƙirin, gadon baya da ciki kuwa ruwan toka, kamar wanda ya ari falmaran ya sa. Na ajiye jakata na tsaya ina kallonsa. A Bauchi hankaka mai farin ƙirji na sani, irin waɗanda ke jeruwa a katangar mahauta da safe. Wannan sai ka ce namu ne ya yi doguwar tafiya farinsa ya dafe a hanya. Na ce a raina, ashe ba ni kaɗai ba ne.

Wata na huɗu ke nan a Birtaniya. Kwalejin da ejan da ya shirya mini tafiyar ya nuna mini a hoto, mai hasumiya da filin ciyawa, na tarar da ita ɗakuna biyu a saman shagon sayar da darduma. Ban cika wata uku ba aka garƙame ta da kwaɗo, wayar ejan kuma ta daina shiga. Innata karsana biyu ta sayar daga cikin gadonta na Tirwun don wannan tafiya, saboda haka duk ranar da ta kira sai in ce karatu na tafiya daidai.

Ni kuwa duniyar da na sani ta littattafan soyayya ce, waɗanda nake haya a wani shago kusa da gidanmu a Fadaman Mada tun ina aji biyu na sakandare. A cikinsu saurayi yakan tafi ƙasar waje a shafi na arba'in, ya dawo a shafi na sittin da mota da ƙamshin turare, ba a taɓa faɗin abin da ya ci a tsakani. Da irin wannan ilimin na haɗa kaya: littattafai goma sha biyu, rigar sanyi ɗaya, ita ma marar kauri.

Wanda ya cece ni Bitrus ne, ɗan barikin Shadawanka, da muka yi firamare tare. Yana aiki a kamfanin kifi can ƙuryar arewacin Sikotlan, ya ce in hau mota in zo. Kwana na yi a hanya. Shi ya same ni a tashar jiragen ruwa ina kallon hankaka.

"Malam Soyayya," ya ce, da Hausarsa ta bariki wadda ba ta raba mace da namiji, "ka zo ne ko kana jiran tsuntsu ya ɗauka maka jaka? Matan da yake ɗaukan ma'aikata ya ce ka zo gobe ƙarfe shida. Nan ba littafi ba ne fa. Wuƙa ne, kifi ne, sanyi ne."

Bai yi ƙarya ba. Tsaye muke yini muna feɗe kifi, ruwan ƙanƙara na bin safar hannu yana shiga. Cikin mako biyu yatsuna suka tsattsage, alwala ta zama azaba. Ƙarfe uku na yamma duhu ya yi. Warin kifi ya kama gashina da littattafaina. Ranar da na tsinci kaina ina kewar hayaƙin masu tuyar masa na bakin titi har hawaye ya zo mini, sai na ce wa Bitrus gishiri ne ya shiga idona. Ya ce shi ma wannan gishirin ya dame shi a shekararsa ta farko.

Lokacin hutun rana nakan fita bayan kamfanin in zauna a kan dutse, in gutsura wa hankaki burodi. Na lura suna ɗaukar katantanwar teku su yi sama da ita, su sako ta a kan dutse ta fashe, su sauko su cinye. Ina yi musu magana da Hausa, tunda ba mai ji. Wata rana ina cewa ɗayansu, "Kai dai ba ka da godiya," sai na ji murya a bayana da Turancin mutanen wurin mai nauyi.

"Wanda kake yi wa faɗa, wane launi ne?"

Wani dattijo ne dogo, da sanda, madubin hangen nesa rataye a wuyansa amma bai ɗaga shi ba. Na miƙe na rusuna. Na ce ruwan toka ne.

"Tokar tana da tsabta, ko akwai baƙi-baƙi a cikinta?"

Na sake dubawa. Na ce akwai ɗigo-ɗigon baƙi a gadon bayansa, kamar wanda tawada ta fantsamar wa.

Ya ce, "Kana da ido. Ranar Asabar kana aiki?"

Sunansa Kalum, tsohon malamin firamare. Ban iya kiran sunansa gatsau ba, na ce Baba. Ya tambayi ma'anarta, na faɗa masa, ya ce ya karɓa. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, yana jiran layin aikin asibiti ya zo kansa. Gidansa na kan tudu yana kallon wani mashigin teku, kuma ɗaki guda a gidan akwatunan kati ne tun daga ƙasa har sama.

A ɗakin nan ya yi mini karatun hankaki. Ya ce a ƙasarsu iri biyu ne. Kudu da gabas na baƙaƙe ne, arewa da yamma na masu toka. A tsakani akwai wani zirin ƙasa inda suke haɗuwa, wasu su yi aure a tsakaninsu, su haifi masu dabbare-dabbare. Da na ji haka na ce a garinmu ruwa-biyu za a ce musu, kuma da wannan suna muka ci gaba da kiransu. Ya ce masana sun daɗe suna ɗaukar su jinsi ɗaya mai riga biyu, daga baya aka raba su aka ce jinsi biyu ne, har yanzu kuma gardama ba ta mutu ba. Abin da ake dubawa, in ji shi, ba launi kawai ba ne. Wa ke zaɓen wa? In masu toka na guje wa baƙaƙe suna neman nasu, to akwai katanga a tsakani. In kuwa kowa na auren kowa, katangar a takarda kawai take.

Shekara talatin ba ɗaya shi da marigayiya matarsa suna ƙirga hankakin mashigin nan, kati ɗaya kowace fita, layi uku a kowane kati: baƙi, toka, ruwa-biyu. Abin da ya yi imani da shi kuwa shi ne, duk da baƙaƙe na matsowa arewa, masu tokar mashiginsa sun riƙe kansu. Wannan yake so ya rubuta ya aika wa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye da sunan su biyu. Shekarar ƙarshe ce ta rage, sai idanu suka ƙi.

"Za ka ara mini naka?" ya ce.

Ya cire madubin daga wuyansa ya rataya mini. Ya taɓa rigata ya ji kaurinta, ya yi tsaki, ya sa aka ɗauko mini wata babbar kwat ta ulu mai warin taba. A ranar na fara sanin cewa mutum zai iya tsayawa a waje a ƙasar nan ba tare da haƙoransa na kaɗawa ba.

'Yarsa Moira, ma'aikaciyar jinya, takan zo ƙarshen mako. Ita ta karanta bayan kowane gwangwani don kada naman alade ya shiga miyar da za ta ba ni. Ita ta tambayi inda nake fuskanta in zan yi salla, ta matsar da akwatu biyu ta yi mini wuri. Ranar da ta ga yatsuna ta kama hannuna ta shafa mini magani ta naɗe. Da na koma ɗaki shafi huɗu na rubuta a kan wannan hannun. Kuskurena na karanta wa Bitrus.

"Malam Soyayya," ya ce, "yarinyan nan aikinsa yake yi. Jiya ma ya naɗe ƙafan wani tsoho. Shi ma shafi huɗu zai rubuta?"

Watanni biyu na farko abin da na gani na rubuta. Da hunturu ya fara sassautawa sai ruwa-biyu suka yi ta ƙaruwa a katina. Sannan wata safiya, a wata 'yar bishiya da iska ta tanƙwara, na ga baƙi da mai toka suna haɗa sheƙa. Shi yana kawo tsinke, ita tana karɓa tana gyarawa, in ya sa ba daidai ba ta cire ta yar. Na fi awa ɗaya a kwance cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ina kallonsu. Na raɗa musu sunayen masoya waɗanda kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Ni ɗan Bafulatanar ruga ne da malamin cikin gari, kuma na taso ina jin yadda dangi suka yi ta magana kafin a yi auren. Da gudu na hau tudu in kai albishir.

Baba Kalum yana shan miya lokacin da na faɗa. Ya ajiye cokali.

"Ka tabbata?"

Na ce na tabbata.

"Rubuta," ya ce. Ya ture kwanon, ya juya fuskarsa ga tagar da ba ya ganin komai ta cikinta.

Mako na gaba na same shi ya rame. Moira ta tare ni a ƙofar kicin ta ce, "Kasim, me ya faru? Tun Asabar ba ya cin abin kirki. Hoton mamana kawai yake riƙewa, alhali ba ya ganinsa."

A nan nake so mai karatu ya fahimce ni, ko da ba zai yafe mini ba. A gidanmu na cikin gari kakana yana da agogon bango da ke baya da minti goma. Kowa ya sani. Ba wanda ya taɓa faɗa masa, ba wanda ya taɓa gyarawa, har ya rasu gidan kan lokacinsa yake tafiya, kowa na ƙara goma a zuciyarsa. Haka aka rene ni. In dattijo ya faɗi abu ka ce haka ne, Baba, gaskiyar kuma ka riƙe ta a cikinka. Ga kuma littattafaina, waɗanda a cikinsu ba a taɓa barin tsohon kirki ya mutu da baƙin ciki.

Ranar na ga ruwa-biyu biyar. Na zauna a kan dutse da fensir, na ɗauke su na zuba a layin toka. Da na karanta masa katin, ya ɗago kai.

"Ko ɗaya babu?"

"Babu, Baba."

"Masu sheƙar fa?"

"Na sake dubawa da kyau. Inuwa ce ta ruɗe ni. Dukansu masu toka ne."

Ya yi dariya har da tari, ya ce wa Moira ta ƙaro masa burodi. Na ji kamar na yi sadaka.

Haka na ci gaba har wata huɗu. Akwai wata ɗabi'a da nake da ita tun ina rubuta wa 'yan mata wasiƙa: in zuciyata ba ta kwanta ba, hannuna kan zana ƙaramin fure a gefen takarda. Duk hankakan da na ɗauke daga layinsa na kai layin toka, sai na ga na zana masa fure ɗaya a gefen katin. Ban yi da wata niyya ba. Baba ba ya gani, Moira kuma ta ɗauka ado ne. Masoyana suka ƙyanƙyashe 'ya'ya huɗu masu dabbare-dabbare, na ga ranar da suka fara tashi, ban faɗa wa kowa ba. Fure huɗu na zana.

Baba ya murmure. Yana faɗa Moira na bugawa, har rubutun ya kammala aka aika. Ya sa sunana a cikin godiya. Azumi ya zo a lokacin da rana ba ta son faɗuwa, shi kuma ya ƙi cin abincin yamma sai na sha ruwa, wai bai kamata idanunsa su ji yunwa shi yana ƙoshi ba.

Ƙungiyar ta yi murna da rubutun har ta turo wata matashiya da kyamara ta ga mashigin da idonta. Kwana uku ta yi. Ban san me ta nuna wa Moira ba. Na dai zo ranar Asabar da safe na tarar da Baba a waje, zaune a kan katangar dutse, sanye da hularsa. Ya buga gefensa da tafin hannu na zauna.

"Ina jin guda biyu a kan shingen can," ya ce. "Faɗa mini launinsu."

Su ne. Shi baƙi ƙirin yana sheƙi, ita da falmaranta.

"Ɗaya baƙi, ɗaya toka," na ce.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara faɗa maka."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Wani ya biya ka ne? Ko fitar ce ta gajiyar da kai kake rubutawa daga ɗaki?"

"Ko sau ɗaya ban fasa fita ba, Baba. Na ga ba ka cin abinci ne."

Ya juyo da fararen idanunsa wajena. "Saboda miya?"

Na ba shi labarin agogon kakana. Ya saurara har ƙarshe.

"Kakanka ya taɓa makara salla?"

"A'a. Akwai ladan."

"To ni ba ni da ladan, Kasim. Kai ne." Ya gyara zaman hularsa. "Da ka bar ni da yunwata, mako biyu zan yi in warke. Ba yau na fara yin kuskure ba, matata ta sha gyara ni a gaban mutane. Yanzu ban san wane kati ne na gaskiya ba, wane ne na tausayi. Su kuma 'yan ƙungiyar za su ce in shekarar ƙarshe haka take, sauran ashirin da taran fa? Ga shi matata ba ta nan balle ta kare nata."

Na cire madubin na ajiye a gefensa. Na fara cire kwat ɗin, ya ji motsin, ya ce, "Bar ta a jikinka. Sanyi bai yi laifi ba."

Ban sake hawa tudun ba. Moira ta kira sau biyu ban ɗauka ba. Wa'adin takardar zamana ya kusa cika, na haɗa kaya. Littattafan nan goma sha biyu na bar wa Bitrus, ya ce zai sa su a ƙarƙashin ƙafar gado. Sai da jirgi ya tashi, ina kallon teku ta taga, furannin suka faɗo mini a rai. Fure ɗaya, hankaka ɗaya. Duk abin da na ɓata yana nan a gefen katin, ana iya mayar da kowane tsuntsu layinsa. Na ce da na sauka zan kira. Da na sauka na ce sai na huta. Daga nan sai na ga ai ba ni da fuskar da zan kira da ita.

Na faɗa wa Inna gaskiyar kwalejin. Ta ce ta daɗe da sani, tun da ba ta taɓa jin na yi ƙorafin jarrabawa ba. Na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Fadaman Mada, na yi aure. Cikin shekara ta biyu da dawowata wasiƙa ta zo ta adireshin da na taɓa ba Moira. Na ga kan sarkin ƙasarsu, na ga sunana da manyan baƙaƙe masu karkata. Na san me ke ciki, ko na ɗauka na sani: a littattafaina irin wannan wasiƙar ko dai tsinuwa ce ko yafiya, kuma ba wadda zan iya ɗauka. Na sa ta a aljihun kwat ɗin na rufe a akwati. Bayan wata shida wata ta zo. Ta bi 'yar'uwarta.

Shekara bakwai da dawowata Bitrus ya zo ganin gida. Muna zaune a ƙofar gidana ya ga hankaki a kan falwaya ya ce, "Af, tsohonka na tsuntsu ya rasu bara. 'Yarsa ya ce in na gan ka in gaishe ka. Ya ce baban ya yi ta jiran amsa."

"Amsar me?"

"Ni na sani? Kai ne mai karatu."

Da ya tafi na buɗe akwatin. Kwat ɗin har yanzu da ɗan warin taba. Wasiƙar farko gajera ce, rubutun hannunsa ne.

"Kasim, an yi mini aiki, ido ɗaya ya buɗe. Na janye rubutun. Ina bin katunanka na ga furanni a gefe. A watanni biyun farko babu su. Ina zaton kowane fure ruwa-biyu ne da ka ɓoye mini. In haka ne, shekarar ba ta lalace ba, kuma abin da ta nuna ya fi abin da na so ta nuna. Amma zato ne, ba zan sa sunan matata a kan zato ba. Rubuto mini kalma ɗaya: e ko a'a."

Ta biyu ta fi gajarta.

"Na ga masoyanka da idona. Suna nan, sun sake sheƙa a bishiyar. Kana da gaskiya, ita ce mai gyara masa aiki. E ko a'a?"

Na samu lambar Moira wurin Bitrus na aika mata da kalmar: e. Washegari ta amsa. Ta ce ya rayu shekara biyar da idonsa ɗaya, kullum da safe yana sauka mashigin da sanda yana ƙirga da kansa, kuma a taron ƙungiyar ya tashi ya faɗa da bakinsa cewa ya yi kuskure game da masu toka. Bai sake aika rubutun ba. Akwatunan suna hannun ƙungiyar yanzu, kowace shekara da nata. Katunan shekarata kaɗai ya ware, ya ɗaure su da zare, ya ajiye a kan teburin gefen gadonsa, kuma a nan ta same su ranar da ya rasu. A kan na sama ya rubuta da fensir: ana jiran Kasim.